SHARHI: Daga Tekun Gini zuwa dajin Tangaza: Yadda ake karanta motsin jiragen yaƙi kafin a ji ƙararsu

A daren Alhamis 25 ga Disamba, 2025, wayewar Juma'a, Amurka ta kai hari ta sama a Jihar Sakkwato. Shugaba Donald Trump ne ya fara sanar da duniya, Ma'aikatar Tsaron Amurka kuma ta saki hoton bidiyon wani makami mai linzami yana tashi daga jirgin ruwan yaƙi. Daga baya Ministan Yaɗa Labarai, Mohammed Idris, ya ce da amincewar Gwamnatin Tarayya aka kai harin, daga Tekun Gini aka ƙaddamar da shi, kuma dajin Bauni da ke Ƙaramar Hukumar Tangaza aka nufa. Ɓaraguzan makaman sun faɗa a garin Jabo na Ƙaramar Hukumar Tambuwal da kuma Offa a Jihar Kwara.

Tsakanin gaɓar teku da Tangaza akwai tazarar fiye da kilomita 700. Ɗan Arewa ya taso yana kallon sojan ruwa a matsayin sha'anin Legas da Fatakwal, sai ga shi a dare ɗaya teku ya iso Sakkwato. Mutane da yawa sun ce abin ya zo musu ba-zata. Amma ruwa ba ya tsami banza. Alamun sun bayyana makonni kafin daren, kamar yadda a 2023 alamu suka nuna cewa yaƙin da aka yi ta kururuwa za a yi da Nijar ba zai auku ba. Wanda ya ɗora waɗannan al'amura biyu a kan sikeli zai samu ma'aunin da zai riƙa bambance barazanar baki da shirin gaske.

Dalilin da ya sa jirgi ya zama saƙo

Shugabanni na son aika saƙo da jiragen ruwa da na sama saboda ana iya kai su kusa da abokin gaba ba tare da an taka ƙasarsa ba, kuma ana iya janye su ba tare da an ji kunya ba. Jirgin ruwan yaƙi na iya tsayawa a ruwan da ba mallakin kowa ba har tsawon makonni. Jirgin sama na iya shawagi ya koma. Sojan ƙasa kuwa da zarar ya tsallaka iyaka, magana ta ƙare, sai dai nasara ko asara.

Wannan sauƙin ne kuma ya sa saƙon ke iya zama na bogi. Tunda turawa ba ta da wuya, janyewa ma ba ta da wuya, ganin jirgi kaɗai bai isa hujja ba. Abin dubawa shi ne abin da ya biyo bayan jirgin: man da zai sha, makaman da zai ɗauka, injiniyoyin da za su gyara shi, filin da zai sauka, bayanan sirrin da za su nuna masa inda zai jefa bam, da kuma izinin siyasa a gida. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Rundunar da ke nufin tafiya, a wajen fafe gorar ake gane ta.

Gambiya, 2017: saƙon da aka gaskata

Bayan Yahya Jammeh ya sha kaye a zaɓen Disambar 2016 ya kuma ƙi sauka, ECOWAS ta yi masa gargaɗi. A tsakiyar Janairun 2017 Najeriya ta tura jirgin ruwan yaƙinta NNS Unity zuwa gaɓar Gambiya, ta kai jiragen yaƙi da sojojin sama kimanin 200 Dakar. Dakarun Senegal suka ja daga a kan iyaka, suka kuma tsallaka ranar 19 ga wata, ranar da aka rantsar da Adama Barrow a ofishin jakadancin Gambiya da ke Dakar. Ranar 21 ga Janairu Jammeh ya hau jirgi ya bar ƙasar.

Jammeh ya gaskata saƙon ne domin kowane ɓangare nasa yana tabbatar da ɗan'uwansa. Jirgin ruwa ya tsare teku, jiragen sama suna da filin tashi kusa, sojan ƙasa yana bakin iyaka, Senegal ta kewaye ƙasar ta kowace fuska ban da teku, sojojin Gambiya kuma 'yan ƙalilan ne. Ba a gwabza wani yaƙi ba, domin shirin yaƙin ya kammala a idon kowa.

Nijar, 2023: tsawa ba ruwa

Sojoji sun kifar da Shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023. Kwana huɗu bayan nan ECOWAS, ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu, ta ba su wa'adin mako guda. Ranar 10 ga Agusta shugabannin ƙungiyar suka ba da umarnin shirya rundunar ko-ta-kwana, hafsoshin tsaro suka gana a Akra, har aka ce an tsayar da ranar shiga. Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki, aka rufe iyakoki. A kasuwannin Illela, Jibiya da Maigatari hankalin jama'a ya tashi.

A nasu ɓangaren, sojojin Yamai sun rufe sararin samaniyar ƙasar ranar 6 ga Agusta, ranar da wa'adin ya cika. Mali da Burkina Faso suka ce taɓa Nijar taɓa su ne, gidan talabijin na Nijar kuma ya nuna jiragen Super Tucano da aka ce ƙasashen biyu sun aiko. 'Yan jirage kaɗan ba za su iya sauya sakamakon yaƙi da Najeriya ba. Aikinsu shi ne su shaida wa Abuja cewa in ta shiga, da ƙasashe uku za ta kara.

Mai lura da alamu ya ga abin da babu. Nijar ba ta da teku, don haka ba inda jirgin ruwa zai tsaya ya yi kurari. Duk wani farmaki dole ya bi ta ƙasa, ta iyakar da ta kai kusan kilomita 1,500, ta ratsa jihohi bakwai: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Dakarun da za a ɗiba kuwa su ne dai waɗanda ke fama da 'yan bindiga da Boko Haram a waɗannan jihohi. Ba a ga jerin gwanon tankokin mai da manyan bindigogi suna nufar iyaka irin yadda babban yaƙi ke buƙata ba. Uwa-uba, izinin gida bai samu ba. Ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawa ta nemi a bi hanyar sulhu, sanatocin Arewa suka fito ƙarara suka ƙi amincewa da yaƙi. Sarki Muhammadu Sanusi II ya je Yamai ya gana da Janar Abdourahamane Tchiani, ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ya biyo baya.

Barazanar da ba a cika ba tana da tsada. Ranar 16 ga Satumba, 2023, ƙasashen uku suka kafa ƙawancen AES, a Janairun 2025 kuma ficewarsu daga ECOWAS ta tabbata.

Yadda rufe Agadas ya kai Amurka teku

Janyewa ma saƙo ce. Faransa ta kwashe sojojinta kimanin 1,500 daga Nijar, na ƙarshensu suka tashi a Disambar 2023. A Maris 2024 Yamai ta soke yarjejeniyar soja da Amurka, a Afrilu masu horas da sojoji daga Rasha suka sauka da na'urorin kare sararin samaniya. A Agustan 2024 Amurka ta miƙa sansaninta na jirage marasa matuƙa da ke Agadas, wanda ta kashe kimanin dala miliyan 100 wajen gina shi.

Mutane da dama sun ɗauka Amurka ta tattara komatsanta daga Sahel ke nan. Abin da ya faru shi ne ta rasa idonta na kusa, sai ta koma neman wani daga kudu, ta ƙasashen bakin teku. Ranar 31 ga Oktoba, 2025, Trump ya sanya Najeriya a jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tauye 'yancin addini, washegari ya yi barazanar ɗaukar matakin soja. Muhawarar da ta cika Facebook da X ta tsaya ne kan kalamansa: wasu na cewa baki ne kawai, wasu na hasashen mamaya. A cikin wannan hayaniya, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa tun ƙarshen Nuwamba wani jirgin leƙen asiri da ke yi wa Amurka aiki yake tashi daga Akra kusan kullum, ya yi shawagi a samaniyar Najeriya ya koma. A watan Nuwamban ne kuma Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, Nuhu Ribadu, ya jagoranci tawaga zuwa Washington.

Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta. Wadda za ta zo da tashin hankali ma haka. Jirgin leƙen asiri ba ya tsorata kowa, ba a kuma tura shi don a gan shi. Aikinsa tattara wuraren da za a kai wa hari. Irin kayan da aka tura ya kuma faɗi girman abin da ke tafe: babu jirgin ruwan dakon jiragen yaƙi, babu dubban sojojin ƙasa, saboda haka hari ne daga nesa, ba mamaya ba. Abin da aka gani ke nan a daren Kirsimeti.

Najeriya ma tana aika nata saƙon

Makonni biyu da 'yan kwanaki kafin harin Sakkwato, ranar 7 ga Disamba, wasu sojoji suka yi yunƙurin kifar da Shugaba Patrice Talon a Jamhuriyar Benin. A ranar jiragen yaƙin Najeriya suka shiga samaniyar Kwatano bisa roƙon gwamnatin ƙasar. Ba a ba da wa'adi ba, ba a yi taron hafsoshi ba. Kwatano na daf da Legas, shugaban ƙasar bai faɗa hannun masu juyin mulki ba, akasarin sojojinsa kuma suna tare da shi. Sai bayan an gama Majalisar Dattawa ta amince, ranar 9 ga wata.

Washegarin harin na Kwatano, jirgin dakon kaya samfurin C-130 na sojin saman Najeriya ya sauka a Bobo-Dioulasso da mutum 11 a ciki. Najeriya ta ce matsalar inji ce ta tilasta masa sauka a kan hanyarsa ta zuwa Fotugal. AES ta ce keta sararin samaniyarta aka yi, ta tsare sojojin har sai da Ministan Harkokin Waje, Yusuf Tuggar, ya je Wagadugu ya gana da Kyaftin Ibrahim Traoré. Wannan shi ne haɗarin magana da jirage: inda babu yarda, jirgin da ya sauka don lalura ma ana iya fassara shi da tsokana.

Abin da ya shafi Kano

A 2021, lokacin da Awwal Zubairu Gambo yake Babban Hafsan Sojin Ruwa, an sanar da kafa cibiyar rundunar a Kano, Gwamna Abdullahi Ganduje kuma ya ba da fili a Dawakin Tofa. An yi ta ba'a, ana tambaya ko a Dam ɗin Tiga jiragen za su yi iyo. Abin da aka kafa kwaleji ce ta horas da jami'an da ke kula da kayan aiki da guzurin rundunar. Ba ta ƙara wa ƙauyukan Kano kariya kai-tsaye, kamar yadda ba ta nuna wani shirin yaƙi. Sansanin sojin ruwa na Baga, a bakin Tafkin Chadi, shi ne mai aikin faɗa.

Da wannan ido ya kamata matashin Rano ko Kibiya ya dubi abin da ke kewaye da shi. An mayar da wani sashe na dajin Falgore, a kan hanyar Kano zuwa Jos, filin atisayen soja domin kada 'yan bindiga su mayar da shi mafaka. A ƙarshen 2025 hare-hare sun tsallako daga Katsina zuwa Shanono da Tsanyawa. Duk lokacin da aka yi luguden wuta a wani daji, waɗanda suka tsira sukan nemi wani dajin. Tambayar da ta dace a yi wa hukuma bayan kowane hari ta sama ita ce: wa zai riƙe wurin idan jirgi ya koma, kuma wa ke tsaron hanyoyin da masu gudu za su bi?

Akwai kuma tambayar wa ya zaɓi wurin da aka jefa bam. A Tudun Biri ta Jihar Kaduna, ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgi mara matuƙi na sojan ƙasa ya hallaka aƙalla mutum 85 a taron Mauludi. Wannan kuskuren na sojojinmu ne, ana iya kiransu gaban Majalisa. Idan makamin daga jirgin ruwan wata ƙasa ya taso, mutumin Jabo bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Sashe na 5 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa Shugaban Ƙasa neman yardar Majalisar Dattawa idan zai tura sojoji yaƙi a ƙetare. Ya kamata 'yan majalisar da muka zaɓa su nemi a shimfiɗa musu, a zauren majalisa, sharuɗɗan da aka ba wata ƙasa damar harba makami cikin tamu: wa ke tantance wurin, wa ke ƙirga gawa, wa ke biyan diyya.

Nan gaba idan hoton jirgin yaƙi ya fara yawo a wayoyinmu, kafin a tura shi gaba a tambaya: wane irin jirgi ne, na faɗa, na leƙen asiri ko na dakon kaya? Daga ina yake tashi, kuma wa ya ba shi filin? Me ya biyo bayansa? Majalisa ta sani? A 2023 amsoshin sun nuna ba za a yi yaƙi ba, duk da yawan kurari. A 2025 sun nuna hari na tafe, a lokacin da hankalin jama'a yake kan kalaman Trump.