Sabuwar waya, tsohon sabis

Duk wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da kukan cewa kiransa yana yankewa, ya san amsar da ke jiransa tun kafin ya rufe baki. Za a karɓi wayar, a jujjuya ta, a ce ta tsufa, sannan a zaro wata daga cikin gilashi mai kyamara uku da tambarin 5G a jikin kwali. Mai shago bai yi laifi ba, kasuwarsa yake ci. Laifin yana wuyan waɗanda suka bar wannan fahimta ta zauna daram a zukatan jama'a, domin tana sauke nauyi daga kansu ta ɗora shi a aljihun talaka. Mutum ya sayar da akuya ya sayi sabuwar waya, ya koma Ɗambatta ko Malumfashi, ya tarar da kiran yana yankewa a daidai lungun da ya saba yankewa.

Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya san hanyar da kira yake bi. Murya tana tashi daga waya zuwa turken sadarwa mafi kusa, daga turke ta bi igiyar fayiba da ke binne a ƙasa, ko ta bi iska daga faranti zuwa faranti, har ta isa cibiyar kamfani. Idan wanda ake kira yana kan layin wani kamfani dabam, sai ta sake ƙetare wata mahaɗa tsakanin kamfanonin biyu. Waya ita ce matakin farko kaɗai a wannan doguwar tafiya. Sandunan sabis da ake gani a goshinta suna nuna ƙarfin siginar turke, ba sa faɗin ko turken ya cika maƙil da masu kira, ko man janaretansa ya ƙare, ko kuma katafila ta tsinke igiyarsa a wajen aikin titi. Shi ya sa ake ganin sanduna huɗu cif, amma kira ya ƙi shiga. Wanda kuma yake magana cikin mota, dole turke ya miƙa kiransa ga turke na gaba, kuma idan na gaban ba shi da gurbi, ko tazarar ta yi yawa, nan take maganar ta katse.

Akwai wani abin da kwalin sabuwar waya ba ya faɗa. Idan layin mutum da wayarsa ba su haɗu a kan fasahar VoLTE ba, wadda ke ɗaukar murya ta kan 4G, to da zarar ya danna kira wayar tana sauka zuwa 3G ko 2G. Wato mai wayar naira dubu ɗari huɗu da mai ƙaramar waya mai madannai suna iya cunkusuwa a ƙofa ɗaya. Alƙaluman Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, na ƙarshen 2024 sun nuna cewa kusan kashi 40 cikin 100 na layukan Najeriya har yanzu a kan 2G suke, na 5G kuwa ba su kai kashi 3 ba, duk da cewa tun Disamba 2021 MTN da Mafab suka ci gwanjon lasisinsa a kan dala miliyan 273.6 kowannensu. Tambarin 5G a hannun manomin Gwarzo ado ne kawai.

Gaskiya ne wani lokaci wayar ce ke da ciwo. Akwai jabu, akwai wadda aka ƙera domin wata ƙasa mai zangon sigina dabam, akwai wadda ta sha faɗuwa har eriyarta ta kwance. Gane wannan ba shi da wuya: a cire layin a saka a wayar maƙwabci, a tsaya a wuri ɗaya. Idan unguwa guda tana hawa katanga ko tana fita bakin titi kafin ta yi magana, babu mai hankalin da zai ce wayoyin unguwar ne suka lalace rana ɗaya.

Kasuwa ma ta daɗe da yanke hukunci a kan wannan. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, mai Tecno da Itel da Infinix, ya mamaye Afirka ne da dabaru kaɗan, kuma babbar cikinsu ita ce waya mai ɗaukar layi biyu, wasu ma har huɗu. Ana yabon wannan a matsayin basira, kuma basirar ce, amma ya kamata a tambayi abin da ya haife ta. Mutum ba ya riƙe layi uku domin nishaɗi. Yana riƙe su ne saboda babu guda ɗaya da zai amince masa ranar da matarsa take naƙuda. Shi ke sayen kati sau uku, shi ke bin layin haɗa kowanne da lambar NIN, shi ke haddace wanne ne ke kamawa a gona, wanne a kasuwa. Aikin da ya kamata kamfani ya yi na tanadin madadin hanya, kwastoma ne yake yin sa da kuɗinsa.

Kamfanonin suna da hujjojinsu, kuma rashin adalci ne a yi watsi da su. Dubban turaku a janareta suke kwana suke wuni, suna shan miliyoyin litocin man dizal kowane wata. Yawancin turakun ma ba mallakarsu ba ne yanzu, sun sayar wa kamfanoni irin su IHS da ATC suna biyan haya, hayar da wani kasonta yake ɗaure da dala. Da darajar naira ta rushe daga Yuni 2023, MTN Najeriya ta bayyana asarar kusan naira biliyan 137 a 2023, da kusan biliyan 400 a 2024. Ɓarayi suna kwashe batura, 'yan kwangilar titi suna tsinke igiya, jihohi suna tatsar kuɗin izinin haƙa. Tun 2013 aka amince da naira 145 a kan kowace mita, amma jihohi da yawa suka ci gaba da karɓar dubbai. Sai a 2020 Ekiti ta sauko daga naira 4,500, Kaduna kuma ta yafe kuɗin baki ɗaya. A ranar 14 ga Maris 2024 manyan igiyoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka tsaya cik. Duk wannan ya faru.

To, amma an riga an biya su kuɗin waɗannan hujjoji. A ranar 20 ga Janairu 2025 NCC ta amince da ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin 100, bayan kamfanonin sun nemi ninki guda cur, suna kafa hujja da cewa tun 2013 ba a taɓa farashin ba. Saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6, kira da data suka bi sahu. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta yi kumfar baki, daga baya ƙura ta lafa. An gaya wa jama'a cewa ladan wannan ƙari shi ne ingancin sabis. Cikin watanni uku na farkon shekarar MTN ta koma cin riba. Ɓangare ɗaya na cinikin ya cika nan take, a kan kowane kati, ba tare da an jira kowa ba. Ɗaya ɓangaren kuwa alkawari ne, kuma alkawarin da ba a ɗaura masa ranar cikawa da hukuncin saɓawa a idon mai biya ba, fatan alheri ne.

Tarihin hukumar ya nuna inda zafinta yake. A Mayu 2012 ta ci tarar kamfanoni huɗu jimillar naira biliyan 1.17 saboda rashin ingancin sabis. A lokacin layukan da ke aiki sun kai wajen miliyan 100, wato tarar ba ta kai naira 15 a kan kowane layi ba, ƙasa da kuɗin kiran minti biyu. A 2014 ta sake cin MTN da Airtel da Glo naira miliyan 647.5, ta hana su sayar da sabon layi na wata guda. Amma a Oktoba 2015, da MTN ta gaza rufe layuka miliyan 5.2 marasa rajista, sai aka lafta mata naira 200,000 a kan kowane layi, jimilla tiriliyan 1.04, wadda bayan doguwar tattaunawa aka daidaita a kan biliyan 330. Ko bayan ragin, ta ninka tarar 2012 fiye da sau 280. Batun rajista ya shafi tsaro, babu mai raina shi. Sai dai darasin da kowane shugaban kamfani zai ɗauka a fili yake: saɓa wa gwamnati yana iya karya kamfani, saɓa wa kwastoma kuwa kuɗin shayi ne. Haka aka gani a Afrilu 2022, lokacin da aka toshe kiran fita na layuka fiye da miliyan 70 a dare ɗaya saboda NIN. Hukumar da ke iya wannan ba za ta ce ba ta da ƙarfin tilasta wa kowa komai ba.

Ma'aunin kansa yana da rami. Ƙa'idar da aka daɗe ana aiki da ita ta ce kiran da ke yankewa kada ya wuce 1 cikin 100, wanda ke shiga kuma kada ya gaza 98 cikin 100. A takarda wannan tsauri ne. Amma idan aka tara miliyoyin kiran Legas da Abuja da na ƙauyen da turkensa ɗaya tilo, aka fitar da matsakaici, ƙauyen ya nutse ba a ji ɗuriyarsa ba. Mafi muni, turken da ya mutu ba ya ƙirga komai. Kiran da aka gwada sau goma a daren da janareta ya tsaya bai isa ko'ina ba balle a rubuta shi a cikin waɗanda suka yanke. An sabunta ƙa'idojin inganci a 2024, an kuma ayyana kayan sadarwa a cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta kare. Madalla. Gwajin da zai nuna amfaninsu shi ne ko mutumin Birnin Kudu zai iya buɗe wayarsa ya ga sakamakon ƙaramar hukumarsa, kamfani bayan kamfani, cikin harshen da yake ji, kafin ya sayi layi.

Abin ya wuce hira da gaisuwa, domin an riga an ɗora rayuwa a kan wannan igiya. An tura mutane ga tura kuɗi ta waya, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Mai POS da sabis ya ɗauke masa a tsakiyar ciniki yana tsaye tsakanin kwastoman da aka cire wa kuɗi da na'urar da ta ce ba ta gani ba. Daga tsakiyar 2025 kuɗin amfani da lambobin banki na USSD, naira 6.98 a kan kowane zama, ya koma fita daga katin mai waya kai tsaye. Mutanen Zamfara kuwa sun ɗanɗani rayuwa babu sabis ɗungurungum daga Satumba 2021, lokacin da aka kashe turaku saboda yaƙi da 'yan bindiga, mutane suna tafiya Funtuwa domin kiran waya ɗaya. Wancan umarnin gwamnati ne na 'yan watanni. Akwai garuruwan da ke cikin rabin wannan hali kullum, ba tare da kowa ya ba da umarni ba.

Gyaran ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A 2008 hukumar ta taɓa umartar MTN da Celtel su mayar wa masu layi kati a matsayin diyyar mummunan sabis. Wannan ne ya kamata ya zama doka ta dindindin: duk yankin da sabis ya gaza ma'auni a wata, kuɗi ya koma layin mazauna yankin da kansa, ba tare da sun kira 622 sun yi bayani ba, domin kamfani ya fi kowa sanin wane layi ne yake kwana ƙarƙashin wane turke. Datar da ta ƙone ranar da babu sabis a ƙara mata kwanaki. Tarar da ke shiga asusun gwamnati ba ta taɓa share hawayen wanda aka cuta ba.

Za a ce na'urorin ba za su iya ba. An taɓa faɗin haka. Daga Agusta 2001, da Econet da MTN suka fara aiki, ana cajin naira 50 a kan kowane minti, ko da daƙiƙa biyar mutum ya yi kafin kiran ya yanke, kuma an yi ta shaida wa jama'a cewa caji a kan daƙiƙa sai bayan shekaru. Glo ta shigo a Agusta 2003 da cajin daƙiƙa tun ranar farko, kuma kafin shekarar ta ƙare sauran duk sun gano yadda ake yi.