Kafin a ɗaura wa mashin ɗinka shokozobar wani mashin, tsaya ka karanta

Kun saba ganina a nan da maganar sikirin da batir da bakin caji, amma yau kan babur zan yi magana, kuma na san wasu ogannin gareji ba za su ji daɗi ba. Su yi haƙuri.

Akwai wata magana da ke kashe wayoyi a garin nan, ita ce kuma ke kashe babura: "ai duk ɗaya ne". Kullum sai an kawo mana wayar da aka cusa wa batirin wata daban don kawai bakin ya shiga, bayan ɗan lokaci ya kumbura ya ɗaga sikirin. To haka ake yi da shokozobar baya. Ta Boxer ɗinka ta mutu, mai ya tsiyaye, sai a ɗauko ta Jincheng ko ta TVS, ko ma wadda aka kwance daga mashin da ya yi hatsari, a gwada, noti ya ɗauru, a ce "oga shi ke nan, hau ka je". Ba a auna komai ba. Waya idan ta lalace kuɗi ka rasa. Mashin kuwa kai ne a kai, da matar mutane a bayanka ta goyo yaro.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yayin sa doguwa. Ɗan kabu-kabu ko mai ɗaukar masara daga Bena da Ribah yana so ya ƙara buhu, taya na gogar madigadi, sai a ba shi shawara ya sa shokozoba mai tsawo, wai bayan ya ɗaga, mashin ya yi ƙarfi. Ɗan'uwa, ga abin da ba a gaya maka ba.

Tayar baya tana kan wani ƙarfe mai ƙafa biyu da ke lilo sama da ƙasa a jikin firam. Sarƙa kuma daga ƙaramin sifaket na jikin inji take tasowa, kuma shi ba a daidai wurin da ƙarfen ke lilo yake ba, yana ɗan gaba. Saboda haka duk motsin da taya ta yi, sarƙa tana ɗamewa ko ta saki. Inda ta fi ɗamewa shi ne lokacin da ƙaramin sifaket da mahaɗar ƙarfen da tsakiyar taya suka miƙe a layi ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa kamfani ke cewa a bar wa sarƙa wasa kamar santimita 2 zuwa 3. Da ka sa doguwa, ƙarfen ya ƙara yin ƙasa, ya yi nisa da wannan layin, sarƙa ta yi lako-lako. Yaron gareji ya gani, ya ja ta yadda ya saba. Kai kuma ka ɗora buhu biyu ka faɗa rami a hanyar Dabai zuwa Mahuta, baya ya nutse, sarƙa ta ɗame kamar tsirkiyar baka, ba sauran wasa. Wa zai sha wannan jan? Haƙoran sifaket, da boris ɗin cikin inji, da robar da ke tare baƙin mai. Daga nan sai ka ga mai yana ɗiga ta wajen ƙaramin sifaket, kana canza sarƙa ba ƙaƙƙautawa, kana zagin masu sayar da kaya wai jabu suke kawowa. Ranar da ta tsinke kana gudu kuwa, idan ta naɗe taya, Allah Ya kiyaye kawai.

Ba nan ya tsaya ba. Baya ya ɗaga, gaba ya duƙa, kan mashin ya zama mai saurin juyawa, a kan yashi ko tsakuwa sai ka ji yana rawa a hannunka. Wanda ya san gangaren duwatsun ƙasar Zuru da damina ya san wannan ba abin wasa ba ne. Fitila ta koma haska gindin taya. Jak ɗin gefe ya yi gajarta, ka kafe mashin ya kwanta da yawa, iska kaɗan ya faɗi. Sandar birkin baya ma tazararta ta canza, idan ba a sake saita ta ba, ko birki ya riƙa kamawa da kansa in an ɗora nauyi, ko ka taka ka ji ya yi nisa.

Gajeriya ko ta ƙaramin mashin irin roba-roba, wannan ma ba sai an daɗe ana magana ba. Sifirin ɗinta don mutum ɗaya ko biyu marasa kaya aka yi shi. Rami ɗaya za ta buga ƙasa, ƙarfe ya daki ƙarfe, bugun ya tafi firam da ƙugunka.

Sai idon shokozoba, wato zoben da ƙusa ke shiga sama da ƙasa. Wani milimita 10 ne, wani 12. Idan ya yi yawa sai a naɗa gwangwani ko tsohon tib a cike, idan ya yi kaɗan a fiƙe bushin da ke ciki, wani ma ya cire shi gaba ɗaya ya ɗaure ƙarfe da ƙarfe. Haba jama'a! Ƙusar sama a yawancin baburan nan walda take da firam. Idan ta karye ba noti za ka saya ba, wurin mai walda za ka. Masu canza gefe ɗaya su bar tsohuwa a ɗayan kuma, ku sani ɗaya na ɗaukar nauyi ɗaya na hutu, ƙarfen taya yana murɗewa a hankali, taya ta fara cin gefe.

Na san amsar da za a ba ni a ƙasa: kai mai gyaran waya me ka sani, kuma ka san kuɗin ta asali yanzu? Na sani, kaya sun yi tsada, kuma ba kullum ake samun ta kamfani a Zuru ba, wani lokaci sai an aika Kontagora ko Sakkwato. Ni ban ce haramun ne a sa ta wani mashin ba. Mu ma muna sa wa waya kayan wata idan lamba da awo sun zo ɗaya. Faɗana da wanda ke sawa da ido ne, bai auna ba, sannan ya karɓi kuɗin aiki. Tef ɗin tela ya isa wannan aikin, kuma bai kai minti biyar ba.

Ka sa a kwance tsohuwar, a auna daga tsakiyar idon sama zuwa tsakiyar idon ƙasa. Yawancin na baburanmu tsakanin santimita 30 da 35 suke. Sabuwar ta zo daidai, in ma da bambanci kada ya wuce rabin santimita zuwa ɗaya. A duba faɗin ido da kaurinsa, ƙusa ta shiga cikin bushi ba duka ba girgiɗi. A duba kaurin sifirin, ya fito daga mashin mai nauyi irin naka. Ta Boxer ka lura sifirin biyu gare ta, ƙarami a cikin babba, don kaya aka yi ta haka, kada a ba ka mai sifirin ɗaya siriri a ce daidai suke. A canza biyun tare. Bayan an ɗaura, ka hau kai da wani, sannan a taɓa sarƙa a ga ko da sauran wasa, a taka birki, a leƙa ko sifirin na gogar salansa ko murfin sarƙa. Ka danna kariya da ƙarfi ka saki: mai lafiya sau ɗaya za ta dawo ta tsaya. Idan ta ci gaba da lilo, man cikinta ya ƙare, ko da fenti na sheƙi.

Idan kuma matsalarka nauyi ce kawai, duba gindin shokozobarka. Akwai wani zobe mai hawa-hawa, yawanci matakai biyar. Murɗa shi sama yana matse sifirin, baya ya rage nutsewa idan an yi lodi. Babura da yawa a tasha tun da aka fito da su daga kwali ba a taɓa shi ba. A sa gefen hagu da na dama a mataki ɗaya. In ka kai na ƙarshe har yanzu taya na gogar madigadi, to ba shokozoba ce ta gaza ba, buhu ɗaya za ka sauke.