Wa Ya Ce Bature Ba Ya Aro?

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk lokacin da aka tashi caccakar marubutanmu da 'yan fim, sai ka ji wani ya gyara murya ya ce: "Ku dubi Turawa mana! Al'adarsu guda ce tun kaka da kakanni, ba su ari komai wurin kowa ba." Haba Malam! A wane littafin tarihi ka karanta haka?

Mu fara da baƙaƙen boko. Asalinsu daga Girkawa ne, su kuma Girkawan sun samo su daga Finikiyawa, mutanen gaɓar tekun ƙasar Labanan ta yau. Lambobin lissafi fa? A garin Bijaya na Aljeriya wani ɗan Italiya mai suna Fibonacci ya koyo su, ya rubuta littafi a kansu a 1202. Addinin Kirista, wanda ya fi komai haɗa kansu, daga Falasɗinu ya je musu. Hatta falsafar Aristotle da suke tinƙaho da ita, jami'o'insu sun daɗe suna karanta ta da sharhin Ibn Rushd, malamin Ƙurɗuba da ya rasu a 1198.

A adabi ma haka zancen yake. Shakespeare Baturen Ingila ne, amma labarin Romeo da Juliet na Italiya ne, na Hamlet kuma daga Denmak ya fito. Tatsuniyar Cinderella, Perrault ya buga ta da Faransanci a 1697, 'yan'uwan nan biyu, su Grimm, suka fito da tasu da Jamusanci a 1812. Daga 1704 Antoine Galland ya soma fassara Dare Dubu da Ɗaya zuwa Faransanci, nan da nan Turai ta ɗauka. Wannan karɓa-karɓa ce ta sa yaron Madrid da na Balin suka tashi da tatsuniyoyi iri ɗaya, alhali ba sa jin harshen juna.

Batun wai kansu a haɗe yake tun fil azal kuwa, wannan tatsuniyar gizo da ƙoƙi ce. Sun shekara 30 suna yanka juna, daga 1618 zuwa 1648, rikicin da ya faro daga saɓanin ɗarikun Kirista. Faransa da Jamus sun gwabza a 1870, suka sake a 1914, suka kuma a 1939. Sai da wuya ta yi wuya sannan ƙasashe 6 suka ƙulla yarjejeniyar kwal da ƙarfe a 1951. Daga nan aka taho har Tarayyar Turai ta yau, mai ƙasashe 27 da harsunan hukuma 24. Ko a hakan ma Birtaniya ta tattara komatsanta ta fice a 2020.

To, da finafinan Amurka suka mamaye musu kasuwa, zama suka yi suna zagin 'yan fim ɗinsu? Ina! A 1989 suka yi doka cewa tashoshin talabijin su ba ayyukan Turai kaso mafi tsoka. A 1992 Faransa da Jamus, abokan gabar jiya, suka buɗe tasha guda ta al'adu mai suna Arte. A 2018 suka ce irin su Netflix dole aƙalla kashi 30 cikin 100 na hajarsu ya zama na Turai. Kuɗi suka zuba, doka suka kafa.

Kada wani ɗan fim ya ce na ba shi lasisin wankiya. Aro daban, sata daban. Da Sergio Leone na Italiya ya kwashe fim ɗin Yojimbo na Kurosawa ya mayar da shi na kaboyi a 1964 ba tare da izini ba, Japanawa ƙara suka kai, sai da aka biya su. Mai aro na gaskiya shi ne irin Abubakar Imam, wanda ya ɗebo daga su Grimm da Dare Dubu da Ɗaya, ya sa wa labaran riga da hula a Magana Jari Ce, har yau muna jin su tamkar a tsakar gidanmu aka haife su.

Saboda haka masu sukar nan, in za ku soki kwaikwayon ganganci, ku soka, muna bayanku. Amma ku daina jingina hujjarku da Bature, domin shi da kayan aro ya gina gidansa. Abin tambaya shi ne, me muka yi da abin da muka aro, kuma wa ya taɓa zuba ko sisin kwabo don a inganta shi?

Allah ya sa mu gane.