Dogon Hutu: Sada Zumunci Da Ziyarar Gidajen Tarihi



Jama'a masu karatu, kowace shekara idan makarantun boko suka yi dogon hutu, watau daga ƙarshen watan Yuli zuwa cikin Satumba, nakan sha tambaya iri guda daga bakin ma'aikata da 'yan kasuwa. Sukan ce, "Malam, yaya za mu yi da yaran nan?" Wasu su mayar da su aji da sunan karatun hutu, wasu su bar su gaban talabijin da waya tun safe har dare. Amsar da zan bayar yau ta fito ne daga wata tafiya da na yi da iyalina a hutun da ya wuce, wadda ta fara da jin kunya, ta ƙare da wa'azi.

Ni mutumin Dalijan ne ta ƙasar Gwandu, amma aikin koyarwa ya zaunar da ni Kaduna shekaru masu yawa. Nakan je gida ni kaɗai idan an yi rasuwa ko ɗaurin aure, in kwana biyu in komo. Ƙananan 'ya'yana uku, mai shekara 10 da mai 8 da mai 6, ba su taɓa kwana can ba tun da suka yi wayo. A wannan karo sai na kwashe su duka da mahaifiyarsu, muka isa Dalijan da la'asar, gero ya fitar da kai, ƙasa ta sha ruwa.

Da muka shiga wurin gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ita kaɗai ta rage cikin tsararsu, sai babban yaron ya miƙa mata hannu a tsaye kamar ya gamu da abokinsa. Tsohuwa ta dube shi ta ce, "Kai, miji na, ɗan wa na?" Ya faɗi sunana. Ta ce, "To, shi kuma ɗan wa na?" Yaro ya yi shiru, ya juyo yana dubana. Sai ta waiwayo gare ni ta ce, "Malam, ka karantar da ɗiyan mutane, ka bar naka." Wallahi ban sami abin cewa ba. Na sha karanta wa ɗalibai hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, wanda ya yi umurni da mu san dangantakarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi, ga shi kuwa ɗana bai san sunan kakansa ba.

Ba ni kaɗai ne da wannan laifi ba. Da yawa daga cikinmu da aiki ko fatauci ya kai Abuja da Ikko da Kano mun mayar da zumunci aiken kuɗi ta waya. Aiken kuɗi alheri ne, kuma yana cikin zumunci, amma yaron da bai taɓa durƙusawa gaban gwaggonsa ba, bai ci tuwo akushi ɗaya da taubashinsa ba, ran da uba ya kau shi ke nan igiya ta tsinke. Allah Maɗaukakin Sarki ya gwama jin tsoronsa da kiyaye zumunci a ayar farko ta Suratun Nisa'i, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani ga masu yanke shi a Suratu Muhammad, aya ta 22 da ta 23. Ɗan kasuwa kuma da ke jin tsoron rufe shago na mako guda, sai ya tuna da hadisin Anas ɗan Malik a Buhari da Muslim, wanda ya nuna cewa sada zumunci sanadi ne na yalwar arziki da albarkar kwana.

Kwana biyar muka yi a Dalijan. Na sa yaran suka bi 'yan'uwansu gona, suka zaga gida gida suna gaisuwa, da dare kuma gwaggo ta riƙa lissafa musu kakanni har zuwa na biyar, babban yana rubutawa a littafinsa na makaranta. A cikin lissafin nan ne ta yi ta ambaton Gwandu da Malam Abdullahi, har yaran suka ce sai an kai su sun gani. Da yake garin ba nisa, sai muka shirya.

A Gwandu ne hubbaren Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo yake, ƙanen Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1829. Na gaya wa yaran cewa jama'ar Shehu sun sauka Gwandu a 1805, kuma da aka raba jagorancin daula a 1812, yammacinta ne aka danƙa wa Malam Abdullahi. Na gaya musu shi ne mai tafsirin nan Liya'ut Tawili, da Liya'ul Hukkami wanda ya rubuta wa mutanen Kano a kan hukunce-hukuncen shugabanci, da Tazyinul Waraƙati. Muka yi sallama ga mamata, muka roƙa musu gafara da rahama, muka fito. Ziyarar kaburbura dai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ta da farko, daga baya ya yi izini da ita, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim, domin tana tunatar da Lahira. Abin da na koya wa yaran a wurin shi ne, mai ziyara yana roƙa wa mamaci ne wurin Allah, bukatarsa kuwa Allah kaɗai yake kai wa.

Daga nan muka wuce ta Birnin Kebbi, inda fadar Sarkin Gwandu take a yau, muka sauka Kalgo wurin kawun mai ɗakina. A nan ne da na ce gobe za mu Argungu mu ga Gidan Tarihin Kanta, wani saurayi ɗan gidan, mai son addini da neman ilmi, ya ce, "Allah gafarta Malam, ai na ji an ce akwai layu da kayan tsafi a wurin. Ya halatta a kai yara?" Tambaya ce mai kyau, kuma na san tana zukatan masu karatu da yawa, saboda haka zan maimaita amsar a nan.

Abin da shari'a ta haramta shi ne girmama abin tsafi, ko dogaro da shi, ko neman tsari ko waraka daga gare shi. Dubansa domin ɗaukar darasi kuwa wani abu ne dabam. Allah ya umurce mu a wurare da dama, kamar Suratu Ali Imrana aya ta 137, da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen mutanen da suka gabata ya kasance. A Suratu Yunus aya ta 92 ya ba da labarin cewa ya tsirar da gawar Fir'auna domin ta zama aya ga na baya. Sa'an nan a tafiyar yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, da Annabi ya bi ta Hijir, kufan Samudawa, ya gargaɗi sahabbai kada su shiga wurin sai suna masu kuka da tsoron Allah. Wannan hukunci ya keɓanta da wuraren da azaba ta sauka, amma mun koyi ladabi daga gare shi, watau kayan mutanen da suka shuɗe da zuciya mai tunani ake dubansu. Layar da ke ajiye a gidan tarihi, alhali wanda ya rataya ta ya daɗe a ƙasa, ita kanta hujja ce ga yaro cewa babu mai tsarewa sai Allah. Sharaɗin kawai shi ne uba ya tsaya kusa ya yi bayani. Saurayin ya gamsu, har ya bi mu.

Gidan Tarihin Kanta tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce ta Argungu, wadda aka fi sani da Gidan Nabame. Sarakuna sun zauna cikinta har 1942, aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi a 1958, kuma a nan ne kaburburan sarakunan suke. An raɗa mata sunan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, ya gina birnin Surame. Mai zagayawa da baƙi ya nuna mana masu da takubba da kwari da baka, da tambura, da layun yaƙi, da homa da gora na su. Yaran suna ta mamaki. Can sai na tsakiyan ya tsaya gaban wani mashi ya ce, "Baba, wa aka soka da wannan?"

Na yi jim kaɗan, sa'an nan na ce masa, "Wataƙila wani daga cikin kakanninka." Domin gaskiyar tarihi ita ce, Malam Abdullahi ne ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kebbi a 1805, kuma a wannan shekarar ce aka yi gumurzun Alwasa inda jama'ar Shehu suka yi hasarar mutane masu yawa. A 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabawa a Argungu, daga nan aka yi ta yaƙi tsakaninsu da Gwandu da Sakkwato, in ban da 'yan shekarun sulhu da ake kira Lafiyar Toga, har zuwan Turawa. Ƙauyukan da ke tsakanin Gwandu da Argungu sun kwana cikin fargaba shekara da shekaru. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa bikin su domin girmamawa, wanda shi ne asalin bikin kamun kifin nan na Matan Fada da duniya ta sani.

Yaro ya ce, "To, Baba, su maƙiyanmu ne?" Na ce, "Yau da dare gidan wa za mu kwana?" Ya ce, "Gidan Gwaggo ƙarama." Ita ƙanwata ce, tana aure a Argungu shekara 20 ke nan, mijinta Bakabe ne, 'ya'yanta kuwa taubasansa ne. Na ce masa waɗancan al'umma ce da ta wuce, aikinsu nasu ne, namu kuma namu, kamar yadda Suratul Baƙara ta koyar a aya ta 134, kuma Allah ne mai hukunci tsakaninsu. Na ba shi labarin Ausu da Hazraju na Madina, waɗanda suka daɗe suna kashe juna, Allah ya haɗa zukatansu da Musulunci suka wayi gari 'yan'uwa. Da dare na ga yaron nan da ɗan ƙanwata suna cin tuwon shinkafa da kifi kwano ɗaya, suna musun wanda kakansa ya fi jarunta, suna dariya. Darasin nan da a aji na ba shi, da wuya ya zauna masa kamar yadda ya zauna a ranar.

To, ga 'yan shawarwari ga wanda ya yi niyya. Na farko, ya gyara niyya, ya sa zumunci a gaba, kallo a baya, kuma ya fara da ɗan'uwan da suka yi saɓani, domin hadisin Abdullahi ɗan Amru a Buhari ya bayyana cewa mai zumunci na haƙiƙa shi ne wanda idan an yanke masa ya sadar. Na biyu, kada ya zama nauyi ga masu masauki. Damina lokacin ƙarancin hatsi ne a ƙauye, sai ya tafi da abinci da tsaraba gwargwadon hali, ya kuma hana 'ya'yansa yin fariya da tufafi ko raina abincin gida. Na uku, kada salla ta wofinta a hanya. A mazhabar Imamu Malik ana yin ƙasaru a tafiyar da ta kai mil 48, amma wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a wuri sai ya cika sallarsa. Yaro mai shekara 7 a umurce shi da salla ko a tasha ne. Na huɗu, ya kiyaye amanar rayukan da ke hannunsa. Ya tambayi halin hanya kafin ya tashi, ya yi tafiyarsa da rana, ya riƙe gidan sauro saboda zazzaɓin damina.

Wanda ba mutumin ƙasar Kabi ba ne, shi ma yana da nasa kusa da shi. A Sakkwato akwai Hubbaren Shehu da ma'ajiyar tarihi mai sunan Waziri Junaidu, inda ake adana rubuce-rubucen magabata. A Kano akwai Gidan Makama, a Katsina akwai hasumiyar Gobarau, a Kaduna kuma akwai Gidan Arewa, a harabar gidan Sardauna Ahmadu Bello. Kuɗin shiga irin waɗannan wurare bai kai abin da muke kashewa a katin waya ba.

Ran da za mu bar Dalijan, bayan mun sake biyowa yin sallama, babban yaron ya durƙusa gaban gwaggo ya lissafa mata kakanninsa biyar ba tare da duba littafi ba. Tsohuwa ta dafa kansa ta sa masa albarka, ta ce da ni, "Yanzu ka biya rabin bashi, saura ka maido su baɗi."

Allah ya ba mu ikon sada zumunci, ya shirya mana zuriyarmu, ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.