Sharhi: Ina Aka Kwana Kan Yaƙi Da Ciwon Daji Ta Hanyar Haske?

A watan Oktoba na shekarar 2025 aka ba Susumu Kitagawa da Richard Robson da Omar Yaghi lambar yabo ta Nobel a fannin ilmin sinadarai, saboda ƙirƙiro wasu abubuwa masu ramuka birjik kamar saƙar zuma. Wannan karramawa ta sake jawo hankali ga amfanin irin waɗannan abubuwa wajen magance ciwon daji, cutar da ta halaka mutane kimanin miliyan 9.7 a duniya a shekarar 2022.

Yadda hanyar take shi ne a yi wa majiyyaci allurar wani magani wanda ba ya aiki sai haske ya taɓa shi. Idan ya taru a cikin ƙarin, sai likita ya haska masa jan haske, maganin ya mai da iskar oksijin da ke wurin ta zama guba mai kashe ƙwayoyin cutar. Thomas Dougherty na Amurka ya bayyana sakamakon gwajinta a kan majiyyata a 1978, ƙasar Kanada kuwa ta amince da maganin Photofrin a 1993.

To, amma da sauran rina a kaba. Da yawa daga magungunan ba sa narkewa cikin ruwa, sukan dunƙule ƙarfinsu ya ragu. A nan ne ƙananan ƙwayoyi masu ramuka suka shigo, watau su riƙe maganin a rarrabe, ramukan kuma su bar iskar ta shiga ta fita. A 2014 Wenbin Lin da abokan aikinsa a Jami'ar Shikago suka nuna cewa irin wannan ƙwaya ta rage ƙari a jikin ɓeraye.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne. Akasarin binciken bai wuce ɗakin gwaji ba, kuma hasken da ƙyar yake ratsa santimita ɗaya cikin tsoka. Har ila yau, wanda aka yi wa allurar Photofrin dole ya guji rana na aƙalla kwana 30, abin da zai yi wuya ga manomi ko ɗan kasuwa a ƙasa mai zafin rana irin tamu. Maganin da zai tsaya a kan ƙarin kaɗai zai rage wannan matsala.

Saboda haka ya kamata hukumomin lafiya da jami'o'inmu su bi diddigin wannan bincike. Kafin ya kai asibiti kuwa, zuwa wurin likita da wuri shi ne babban makami.