Kowa Ya Nufi Ɗakin Tiyata, Wa Zai Karɓi Haihuwa?

'Yan'uwana ɗalibai, musamman masu koyon aikin jinya, ku ba ni aron kunnuwanku, ko da maganar za ta yi ɗaci.

Da zarar zangon ƙarshe ya kama, aka ce kowa ya rubuta inda yake so a tura shi koyon aiki, sai ka ga an bazama kamun ƙafa. Wannan ta nufi gidan kawunta likita, wancan ya je gaida malami da daddare. Abin nema ɗaya ne: ɗakin tiyata a asibitin koyarwa. Ɗakin haihuwa na asibitin ƙaramar hukuma kuwa, sai wanda ba shi da kowa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, ana son takardar da za ta burge masu ɗaukar aiki a Ingila ko Saudiyya. A 2024 magatakardan majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Nijeriya ya ce nas-nas 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku.

Ban ce neman arziki laifi ne ba. Amma tun da koyo aka ce, bari mu yi maganar koyo. A asibitin koyarwa ɗaliba tana tsaye ne bayan babban likita, da ƙananan likitoci, da ɗaliban likitanci, da sista. In ta yi sa'a ta miƙa almakashi, sauran kuwa kallo, alhali gani ba ci ba. A asibitin karkara ungozoma guda ce, da ke. Dole ki auna hawan jini, ki sa ƙarin ruwa da hannunki, ki gane alamun jijjiga tun ba ta kada mai ciki ba, ki murza mahaifa in jini ya ɓalle bayan haihuwa. Wadda ta yi wata biyu a nan ba ta ƙara rawar hannu.

Kuma can ne ake mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kimanin 82,000 suka rasu a Nijeriya a 2020 sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. Wanda ke shakka ya leƙa Babbar Ruga a Katsina, ya ga abin da doguwar naƙuda ke bari: 'yan mata masu yoyon fitsari, wasunsu ba su kai ƙannenmu shekaru ba.

Na san za a ce ƙauye ba wuta, ba ruwa, ba mai duba ɗalibi. Gaskiya ne, kuma a nan maganar ta dawo kanku, malamanmu, Allah ya gafarta muku. Ba a jefa yarinya ƙauye a manta da ita har ranar sa hannu a littafin aiki. A ba ta masauki da kuɗin mota, malami ya riƙa zuwa duk mako. Sannan a daina raba wuraren nan a ofis bayan an rufe ƙofa. A sa wa kowa wa'adin ɗakin haihuwa na karkara, 'yar kwamishina da 'yar manomi, a kuma liƙa sunayen a allo kowa ya gani.