Gurbin Makarantar Jinya Ba Kason Siyasa Ba Ne

Yau maganar ta gida ce, kuma na san wasu ba za su ji daɗinta ba.

Tun da aka gama jarrabawar shiga makarantun jinya da ungozoma wayata ba ta huta ba. Daga Kofa, daga Kwanar Dangora, daga Tudun Wada, har daga Riruwai, kowa maganarsa ɗaya: "Shugaba, ga takardar yarinyata, a miƙa wa oga." A cikin masu jiran sunan nan har da 'yar yayana. Ta ci kiredit biyar ɗin da ake buƙata: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fizik. Ubanta ya sayar da buhun masara biyu aka cike fom a kafe, aka karɓo takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma, aka biya kuɗin motar zuwa jarrabawa. Yanzu kullum da safe sai ta ari wayar maƙwabta ta duba ko jerin sunaye ya fito. Ran nan ta ce min, "Baffa, an ce in ba ka da kowa ba ka samu. Ni ai ina da kai ko?"

Wallahi maganar nan ta hana ni barci. Domin gaskiyar ita ce, ranar da na saka sunanta ta bayan gida, ranar na cire sunan wata yarinyar da ta fi ta maki amma babanta ba shugaban matasa ba ne.

A cikin wannan jiran ne 'yan damfara suke cin kasuwarsu. Wani ya tari yayana ya ce yana da hanya, a kawo kuɗi kafin Juma'a. Ba ma'aikacin ko'ina ba ne, babban riga kawai gare shi da lambar waya. Abin da ke ba irinsu ƙarfi shi ne duhu: ba a san ranar fitar suna ba, ba a san makin da aka yanke ba, ba a san gurbi nawa ne ba. Inda babu bayani, jita-jita ce sarki.

Mu fahimci yadda abin yake. Makarantar jinya ba ta ɗaukar yadda ta ga dama. Majalisar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ce ke yanke wa kowace makaranta adadin ɗalibai, bisa yawan malamai, ɗakunan karatu da asibitin koyon aiki. Jiharmu na da makarantu a birni, da Madobi, da Dambatta, da Gezawa, da Gwarzo, ga kuma makarantar kiwon lafiya a nan Bebeji. Amma masu nema sun ninka guraben nesa ba kusa ba. A 2024 majalisar nan ta ce ma'aikatan jinya sama da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku, da yawansu zuwa Ingila da Amurka da Saudiyya. Ke nan kowane gurbi ɗaya zinare ne, bai kamata a ba wanda bai shirya ba.

Mu mutanen kudu mun fi kowa sanin tsadar wannan. Mace ta fara naƙuda da dare a ƙauyen Doguwa, asibitin kusa ba ungozoma a bakin aiki, sai an nemo mota a ratsa dajin Falgore. Wasu a hanya ake rasa su. 'Yar birni in an turo ta, wata shida take nema a mayar da ita, kuma ban ga laifinta ba. Wadda za ta zauna ita ce wadda iyayenta ke nan, mijinta ke nan. An gwada wannan an gani: shirin nan da Birtaniya ta tallafa daga 2012 ya ɗebi 'yan matan karkara a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, ya ba su karatun share fage, suka shiga makaranta da ƙoƙarinsu, suka koma garuruwansu aiki. Ba takardar wani oga aka bi ba, koyarwa aka yi.

Wani zai ce, "Shugaba, ɗaya ɓangaren suna saka nasu, mu za mu zauna?" Na ji. To amma allurar da nas za ta yi wa mahaifiyarka ba ta tambayar katin jam'iyya. In wadda ba ta iya lissafin magani ba ta shiga da alfarma, a jikin wa za ta koya? A jikinmu.

Ga abin da nake roƙon shugabanninmu, 'yan majalisa da ciyamomi, namu da waɗanda ba namu ba. Na ɗaya, su matsa a riƙa sanar da ranar fitar suna tun wuri, a kafe suna da maki da ƙaramar hukuma kowa ya gani. Na biyu, a ware wa ƙananan hukumomin nesa kaso a fili, a rubuce, tare da yarjejeniyar dawowa gida aiki. Na uku, kuɗin da ake kashewa a fasta da gangami a gutsuro a ɗauki malaman kimiyya su yi wa yaranmu darasin share fage a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Wannan na ukun ba sai mun jira gwamnati ba. Mu matasa za mu iya farawa da aji ɗaya.

Ku kuma ƙannena masu jira, kada ku ba kowa ko sisi. Ku ajiye takardunku da kyau, ku riƙa duba shafin makaranta da kanku. In bana ba a dace ba, a gyara darasin da ya ba da matsala, a sake nema.

Na gaya wa 'yar yayana ba zan kai sunanta ko'ina ba. Ta yi fushi, kwana biyu ba ta gaishe ni ba. In suna ya fito da ita, da guminta ta samu. In babu, ni zan biya kuɗin fom na baɗi.

Allah Ya ba yaranmu sa'a, Ya sa mu dace. Amin.